Daga Bagzan Zuwa Fachi a Guje: A Yi Ko a Bari?

A hunturun da ya haɗa ƙarshen 2006 da farkon 2007, wasu mutum uku suka ratsa hamadar Tenere a guje, suka bi ta Fachi. Charlie Engle ɗan Amurka ne, Ray Zahab ɗan Kanada, Kevin Lin kuma ɗan Taiwan. Daga Saint-Louis ta Senegal suka taso a watan Nuwamba, ba su dire ba sai a gaɓar Bahar Maliya a Masar bayan kwana 111, sun ci kusan kilomita 7,000 ta ƙasashe shida. A bayansu akwai motocin kat-kat ɗauke da ruwa da abinci, akwai likita, akwai masu ɗaukar fim. A gabansu kuma akwai Mohamed Ixa, Ba'abzinen Agadez da ya san hanya. Fim ɗin tafiyar ya zagaya duniya da muryar Matt Damon.

Nisa ba baƙon abu ba ne a Fachi. Garin, wanda Barebarin cikinsa suke kira Agram, dausayi ne a tsakiyar yashi, kimanin kilomita 400 daga Agadez in an miƙe, sama da 150 kuma yamma da Bilma. Mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba. Ruwa da dabino da gishiri su ne arzikinsa, gero kuwa sai wanda ayari ya kawo. Shi ya sa a tsohon garin aka gina kagara da tubalin ƙasa mai gishiri, aka jera manyan rumbunan yumɓu a ciki, domin in mahara sun taso a shige da iyali da hatsi. Ɗaruruwan shekaru ke nan garin yana tarbar mutanen da suka tako hamada da ƙafa. Waɗancan ukun dai ba kantu suka zo saye ba, shi ne kawai bambancin.

Daga wancan lokaci zuwa yau, gudun yada-ƙanin-wani a kan duwatsu ya zama babbar harka. Tseren da ake kira UTMB, wanda aka fara a 2003 a garin Chamonix na Faransa, yana zagaye dutsen Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan: kilomita kusan 170, hawan da in an tara shi ya kai mita 10,000, ta mashigar dutsen Grand Col Ferret mai tsayin sama da mita 2,500. Masu neman shiga sun yi yawan da sai an yi musu ƙuri'a. To, ga Nijar da dutse da hamada kafaɗa da kafaɗa. Fachi kanta ba ta da dogon tsauni, dutsen Agram da ta jingina da shi gajere ne, amma kimanin kilomita 300 yamma da ita akwai Bagzan a ƙasar Abzin, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi ta tsawo a ƙasar. Shin ya dace a kafa tseren da zai haura Bagzan, ya gangaro Tenere, ya bi hanyar ayari har Fachi?

Masu cewa a yi, da maganar abinci suke farawa. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun rubuta labarin ayarin gishirin da raƙumansa suka kai dubu goma zuwa dubu ashirin. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya karkashe dabbobi, manyan motoci suka karɓe wani kaso na dakon, ayarin yau kuma bai kama ƙafar na da ba, ko da yake har yanzu kantun Bilma da na Fachi yana isa kasuwannin ƙasar Hausa domin shanu da raƙuma. Yawon buɗe ido ya ɗan toshe giɓin. Kafin 2007, duk lokacin sanyi jirage suna tasowa daga Faransa su sauka a filin jirgin Mano Dayak na Agadez, direba ya samu, mai dafa abinci ya samu, maƙerin azurfa ya samu, mai raƙumin haya ya samu. Tawayen ƙungiyar MNJ na 2007 ya rufe wannan ƙofa, sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumban 2010 ya ƙara mata sakata. Direbobi da yawa suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, dokar 2015 ta haramta sana'ar, aka soke dokar a Nuwamban 2023. Samari kuma suka kwarara Jado tun da zinariya ta ɓulla a 2014. Yankin da ya sha irin wannan juyi, in ji masu wannan ra'ayi, bai kamata ya raina wata ƙofa ba, komai ƙanƙantarta.

Misalin da suka fi riƙewa shi ne na Leadville, wani garin masu haƙar ma'adinai a jihar Kolorado ta Amurka. A farkon shekarun 1980 aka rufe mahaƙar Climax, dubban mutane suka wayi gari babu aiki. Wani daga cikin ma'aikatan, Ken Chlouber, ya kawo shawarar da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce: a kira baƙi su yi gudun kilomita 160 a kan duwatsun garin, su haura mashigar Hope Pass mai sama da mita 3,800 sau biyu, zuwa da dawowa, cikin sa'a 30. Hikimarsa ita ce duk wanda zai yi irin wannan gudu dole ya kwana a garin, ya ci abinci a garin, ya zo da iyalinsa. Mutum 45 ne suka tsaya a layi a 1983. Yau ɗaruruwa ne, kuma sunan garin ya koma na tsere. Akwai wani abu a Leadville da zai ja hankalin duk mai raƙumi: mota ba ta isa zangon da ke ƙarƙashin mashigar, don haka dabbar lama, 'yar'uwar raƙumi ta Kudancin Amurka, ita ke haurawa da kayan abinci da na agaji.

Hujjarsu ta biyu ta fi daɗin ji. Suna cewa gwanayen wannan tsere suna nan a gida, ba a gwada su ba ne kawai. A Leadville ɗin nan, a 1993, wani manomi daga ƙabilar Raramuri ta Meziko mai suna Victoriano Churro, yana da shekara 52, ya zo na ɗaya sanye da takalmin da aka yanka daga tsohuwar taya. A Maroko, tseren Marathon des Sables da Bafaranshe Patrick Bauer ya kafa a 1986, mai kilomita kusan 250 cikin mako guda, ɗan makiyayan Zagora Lahcen Ahansal ya cinye shi sau goma, ƙanensa Mohamad ma ya ci nasa rabon. Baƙi ne suka kawo wasan, 'yan gida suka gaje shi.

Duk wanda ya san yadda ayari yake ratsa Tenere zai gane inda wannan magana ta dosa. Daga rijiyar da ke wurin tsohuwar Bishiyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kaɓe a 1973, zuwa Fachi, sama da kilomita 150 ne babu ruwa babu ciyawa. Kowane raƙumi yana ɗauke da damin abincinsa, ana kuma ajiye wasu dammuna a hanya saboda dawowa. Da an ɗaura kaya da safe ba a sake tsayawa sai dare ya raba, domin in ayari ya tsaya raƙuma za su durƙusa, kaya su zame, a ɓata sa'o'i wajen sake ɗauri. A kan tafiya ake dama gero da dabino da cuku, ƙwarya ta bi hannu-hannu. A kan tafiya yaro yake kaɗa ɗan murhun waya har shayi ya tafasa, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya da ɗan kofi. Mai salla ya ratse gefe, ya yi taimama, ya idar, sannan ya bi sawun ayarin da gudu. Madugu yana gaba, da dare taurari, da rana inuwa da kwanciyar yashi. Haka ake cin kilomita 40 zuwa 50 kullum, kwana da kwanaki, yawancinsa a ƙasa. A Bagzan ma haka abin yake: mutanen ƙauyukan da ke bisa dutsen da ƙafa da jaki suke hawa da sauka da kayan lambunsu. Ƙasar da lambobinta na Olamfik biyu ne kacal, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taikwando a 2016, me zai hana ta leƙa nan?

Masu cewa a bari ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Nasu lissafin na rayuka ne.

Ranar 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100 a kan duwatsu, yawancinsu da gajeren wando da 'yar shara, domin masu shiryawa ba su wajabta rigar sanyi ba. Tsakanin zango na biyu da na uku akwai hawan kusan mita 1,000 cikin kilomita takwas, mota ba ta zuwa, kuma ba a ajiye komai a saman ba. Wajen tsakar rana iska ta taso da ruwa da ƙanƙara. Mutum 21 suka mutu da sanyi, cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar, abin da ya nuna waɗanda suka fi gudu su ne suka fara isa inda ajalin yake. Wani makiyayi, Zhu Keming, shi ya ja mutum shida zuwa kogon da yake fakewa, ya hura musu wuta, suka rayu. Wurin da abin ya faru ya ɗan haura mita 2,000 ne kawai, wato sa'an Bagzan. Mai jin sunan Sahara zafi yake tunawa, amma duk wanda ya kwana a Abzin a watan Janairu ya san ruwa yana iya wayar gari da ƙanƙara a kansa. Kuma lokacin sanyin ne kaɗai za a iya tseren, don babu mai hankalin da zai sa mutane gudu a Tenere da bazara.

In an sauko daga dutse kuma sai iska. A 1983 guguwar yashi ta rutsa da tseren motocin Paris-Dakar a cikin Tenere, masu tsere kusan 40 suka ɓace, shugaban tseren Thierry Sabine ya kwashe kwana huɗu yana tsinto su da jirgi mai saukar ungulu. Waɗannan suna da injin a ƙarƙashinsu. A 1994 ɗan sandan Italiya Mauro Prosperi ya ɓace a Marathon des Sables cikin irin wannan iska, sai bayan kwana tara makiyaya suka tsince shi a cikin Aljeriya, kusan kilomita 300 daga hanya. A Maroko akwai jirage da tawagar likitoci suna bin tseren, garuruwa kuma ba su da nisa sosai. Wanda ƙodarsa ta tsaya tsakanin Bishiyar Tenere da Fachi fa? Babban asibitin jiha yana Agadez, filin jirgi mafi kusa ta gabas yana Dirku, tsakaninsu kuwa tudun yashi ne da kat-kat take nutsewa a ciki. Wayar tauraron ɗan Adam ta Turaya za ta kai kira, amma ba za ta rage nisa ba.

Sai tsaro, wanda shi kaɗai ya isa ya kashe maganar a yanzu. An binne nakiyoyi a hanyoyin Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. A 2025, cikin garin Agadez kansa aka sace wasu Turawa mata biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu. Motocin da ke zuwa Dirku ma jira suke su bi rakiyar soja. Paris-Dakar da duk ƙarfinsa, a 2000 jirage ya sa suka kwashe shi daga Yamai zuwa Libiya don gudun arewacin Nijar, a 2008 kuma aka soke shi ɗungurungum, ya bar Afirka. A Kamaru, tseren hawan dutsen da ake yi a Buea tun 1973 ya gamu da fashewar bama-bamai a Fabrairun 2023, kusan mutum 20 suka ji rauni. Taron da aka sanar da ranarsa da hanyarsa wata shida kafin lokaci, mutane a warwatse ɗai-ɗai a kan kilomita da yawa, babu rundunar da za ta ce ta tsare shi.

Akwai kuma wata hujja da ba ta lissafi ba ce, ta kunya ce. A wannan hamadar, a Oktoban 2013, mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace. A 2017 wasu 44 suka mutu tsakanin Agadez da Dirku. Kuɗin shiga Marathon des Sables ya haura Yuro 3,000, kusan sefa miliyan 2. A kafa rumfunan ruwa da likitoci domin wanda ya biya kuɗi ya ɗanɗani ƙishirwa, a kan yashin da talaka yake mutuwa babu mai nemansa? Masu goyon baya suna amsawa da cewa tafiyar su Engle ta tara kuɗin haƙa rijiyoyi ta gidauniyar H2O Africa, wadda daga baya ta shiga cikin Water.org. Amsa ce, amma ba ta cika gamsarwa ba. Paris-Dakar ya yi shekaru yana wucewa ta Agadez da Dirku, kuma da wuya a nuna wani abu mai ɗorewa da ya bari a ƙananan dausayoyin da ya bi ta kusa da su. Ya zo da mansa, da abincinsa, da makanikansa, ya wuce kafin gari ya waye.

Ana iya ƙara maganar muhalli: tun 1991 wani babban yanki na Abzin da Tenere yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, tun 1992 kuma yake cikin waɗanda ke cikin haɗari, kuma baƙi sun saba tsintar kayan dutsen mutanen da suna zubawa a aljihu. Sai dai mai gudu da ƙafa ba shi ne babban maɓarnaci ba. Motocin da ke biye da shi ne.

A nan ne maganar ta fi kyau a tsaya a yi lissafi, domin ɓangarorin biyu a kan ruwa suke haɗuwa. A ce masu gudu 100 ne, masu hidima ma 100. A ce kowa lita 10 yake buƙata a rana, kuma wannan ƙaranci ne ga mai gudu a hamada. Kwana huɗu daga bishiya zuwa Fachi, lita 8,000 ke nan. Tankar mota ɗaya za ta iya ɗaukar wannan, in yashi ya bar ta. In kuwa raƙuma ne, kowanne da kilo 150, ana buƙatar sama da 50, ban da masu ɗaukar ciyawa da tantuna da abinci. Ga mai shirya tsere da ke zaune a Turai, tanka ta fi araha, ta fi sauƙin sha'ani. Ga mutanen Timiya da Tabelot na ƙasar Abzin da na Fachi kuwa, raƙuma hamsin ɗin nan su ne tseren gaba ɗaya: hayar dabba, ladan mai ja, cinikin ciyawa, cinikin dabino, dalilin da zai sa saurayi ya riƙe amalen ubansa maimakon ya sayar ya tafi Jado. Tsere iri ɗaya, hanya iri ɗaya, amma a ɗaya kuɗin yana tsayawa a gidan man Agadez da ofishin kamfani, a ɗayan yana shiga gidaje. Masu goyon baya da suke kawo misalin Leadville suna yawan mantawa cewa mutumin garin ne ya kafa shi, ba baƙo ba.

Haka batun rai. Abin da ya kashe mutane a Gansu ba ƙanƙara kaɗai ba ce, har da rashin wanda zai ce a tsaya tun da wuri, alhali makiyayin da ya san dutsen yana da kogonsa da itacensa a ajiye. A ayari wannan matsala a warware take tun tuni: in madugu ya ce a sauke, an sauke, ko mai raƙumi ɗari ne ba ya ja. Tseren da zai bi hanyar ayari amma ya mai da madugu ɗan rakiya mai rawani don hoto, ikon tsayarwa kuma yana hannun wanda ya karɓi kuɗin talla, ya ɗauki hanyar ya bar abin da ya sa ake tsira a kanta.

Mai wannan rubutu yana ganin masu cewa a bari sun fi gaskiya a kan Tenere a yau, masu cewa a yi kuma sun fi gaskiya a kan dutse. Kuskuren shi ne ɗaure biyun da igiya ɗaya. Ratsa hamada zuwa Fachi da taron baƙi ba abin yi ba ne muddin motar haya ma sai da soja take bin hanyar. Amma tseren yini ɗaya a Bagzan, kilomita 40 ko 50, a tashi da asuba a gama kafin la'asar, jakuna su kai ruwa da barguna kowace mashiga tun jajibiri, kowane mai gudu a duba rigar sanyinsa kafin a sake shi, wannan ba ya jiran jirgi daga Faransa. 'Yan ƙasa ne za su yi shi, 'yan ƙasa su kalla. Wanda ya ga yadda Agadez ta cika ta batse a Disamban 2023 lokacin kokowar takobi, ko yadda ake tururuwa kallon tseren raƙuma a bikin Ingal, ba zai ce sai Bature ya zo wasa yake samun 'yan kallo ba. Ita ma Fachi tana iya nata a watan Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da ayari ya sauka gari ya cika: a zagaya gonakin dabino da ramukan gishiri, a haura Agram a sauko, samarin gari da samarin ayari su gwada ƙafa. In an yi shekaru ana haka, ranar da hanya ta yi lafiya, baƙon da ya zo zai tarar da tsere mai masu shi, ya biya ya shiga bisa sharaɗinsu.

Raunin wannan shawara a fili yake: ba ta kawo Yuro a shekarun farko, kuma wani ne zai biya. Nan ma akwai abin dubawa a maƙwabta. A 2005 gwamnatin jihar Kuros Riba ta Najeriya ta kafa tseren hawan dutsen Obudu, kilomita 11 kacal, ta sa wa na ɗaya dala 50,000. Gwanayen Habasha da Kenya da Turai suka yi ta zuwa suna kwashewa, sunan tseren ya kai ko'ina, bayan shekara kamar goma kuma ya dushe, domin a kan baitulmalin jiha yake tsaye. Wanda zai shirya na Bagzan gara ya fara da kyautar da manoman albasar Tabelot da 'yan kasuwar Agadez za su iya haɗawa kowace shekara ba tare da sun jira kowa ba, ko da taguwa ɗaya ce da buhunan gero.